Wayar Baba a Kan Littattafaina

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da iyali da sabuwar makarantar da aka mayar da ke. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa. Wataƙila ma kin manta da ni. Ni ce mai zama a kujerar ƙarshe a ɗakin kwamfuta, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, wadda kike ce wa Shiru-shiru.

Magana ce a kan burauzar nan ta shiga intanet mai alamar ganye da kika sa mana a tsofaffin kwamfutocin makaranta. Har yau ita ce a wayata. 'Yan ajinmu suna ce mata burauzar kakanni, wai ba ta da ado. Ba na tanka musu, amma a zuciyata ina ba su amsa. Tasu takan yi ta juyi kafin ta buɗe shafi ɗaya, tawa kuwa ta buɗe na karanta na rufe. Tana korar tallace-tallacen da ke tsalle a fuskar mutum. In ka ƙara girman rubutu, sai ta sake jera layukan su zauna daidai, ba sai ka yi ta jan shafi hagu da dama ba. Ga shi tana karanta wa mutum da murya.

Malama, Babana makanike ne a garejin manyan motocin haya, shekara ashirin da shida ke nan. An kawo sababbin motoci, aka ce kowane makanike sai ya bi darussa a intanet, ya yi jarrabawa a wayarsa a gaban mai sa ido. Sau biyu kawai ake yi. Wanda ya faɗi duka biyun, wurin wankin mota za a mayar da shi. Baba ya faɗi ta farko. Bai gaya mana ba, Umma ce ta raɗa mini muna wanke-wanke. Ba rashin sani ba ne, shi da yake gane ciwon inji daga ƙararsa tun motar tana bakin ƙofa. Rubutun ne ƙanana, idonsa yana ruwa ko da tabarau, yatsansa kuma babba, sai ya danna abin da bai nufa ba.

Ba zan iya cewa, "Baba, zo in koya maka," ba. Bakina ba zai furta ba, shi ma ba zai zauna ba. Na yi tunanin in riƙa buɗe darussan nasa a tawa wayar kusa da shi, in ce aikin Fiziks aka ba mu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce? Saura mako uku.

Ki gaida mutanen gida.

Ɗalibarki,
Shiru-shiru


Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Takardarki ta iso. Na karanta ta sau biyar. Kin ce in har da gaske na zauna na koyi abin, to ba ƙarya na yi ba. Na bi maganarki, yanzu na san yadda birkin iska yake aiki fiye da duk 'yan ajinmu, ko da yake babu wanda ya tambaye ni.

Ranar farko, bayan la'asar, Baba yana zaune a bakin ƙofar falo yana goge baƙin mai daga farcensa. Na zauna nesa kaɗan, na ƙara girman rubutun har kalma huɗu ta cika layi, na kunna muryar. Na ce aikin Fiziks aka ba mu. Muryar ta yi ta bayani da Turanci, Baba bai ko waiwayo ba. Can da ta faɗi sunan wani ƙarfe, sai ya ce, "Wannan matar ta taɓa riƙe sifana kuwa? Ji yadda take kiran sunan kamar mai tsoron ya cije ta." Umma ta ce daga kicin, "To kai da ka iya, ka matsa ka gyara mata mana." Ya ce shi ba ruwansa da karatun yara. Amma kujerar ta matso.

Kwana na uku shi yake cewa, "Mayar da ita baya, ban ji ba." Kwana na biyar aka ɗauke sabis a unguwarmu, ya ce shi ke nan yau an huta. Na nuna masa cewa burauzar ta adana darussan tun jiya, har ta tuna inda muka tsaya. Ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce, "Wannan ta fi wasu ma'aikatanmu riƙe amana."

Jiya da safe na zo ɗaukar jakar makaranta, sai na ga wayarsa a kan littattafaina. Yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba, ya ce, "Duba mini ita, kwanan nan nauyi take yi." Lafiyarta ƙalau, Malama. Na sa masa mai ganyen, na daidaita girman rubutun yadda na ga idonsa yana hutawa, na mayar masa. Ya sa a aljihu, ya ce kada in makara.

Ki sa shi a addu'a, ranar Talata ce jarrabawar.

Taki,
Shiru-shiru


Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan, sauri nake yi in ba ki labari.

Baba ya ci! Tamanin da bakwai cikin ɗari! Shi ne na biyu a duk garejin, kuma ya ce wanda ya zo na ɗaya da maki biyu kacal ya fi shi, shi ma don yana da ƙananan yatsu ne. Ya ce mai sa ido ya zo ya tsaya a bayansa, ya ga rubutu manya-manya kamar allon talla, ya karɓi wayar ya jujjuya, bai ga laifi ba, ya mayar masa. Da aka tashi har ya tambaye shi sunan burauzar.

Amma ba wannan ne ya fi girgiza ni ba. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar da takalma manya-manya a ƙofar falo. Abokan aikinsa ne su shida, duk masu furfura, waɗanda za su yi tasu ta biyu mako mai zuwa. Kowa da wayarsa a hannu. Na juya zan gudu kicin, Baba ya kira ni. Wani dattijo da suke ce wa Sarkin Giya, saboda gyaran giyar mota, ya ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar ce ta fi injiniyoyin ofis?" Baba ya ce, "Ka iya bakinka, malamata ce. Mako uku tana koya mini, wai ita a dole Fiziks take yi. A wace makaranta ake koya wa 'yan mata birkin bas?"

Ashe tun ranar farko ya sani. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Suka yi ta dariya, har Umma a bayan labule. Sai Baba ya tashi daga kujerarsa, wadda ko Umma ba ta zama a kai, ya ce in zauna.

Malama, na yi magana. A gaban mutum bakwai, kusan awa guda, kuma muryata ta fita. Har na ce wa Sarkin Giya ya daina danna waya kamar yana ɗaure noti, ya ce, "To, Malama."

Yanzu dalilin da ya sa na fara rubuto miki ya ƙare, ba ni da sauran tambaya. Duk da haka, in ba zan takura miki ba, ko za ki yarda in riƙa rubuto miki lokaci-lokaci, ko da babu wata matsala?

Baba da Umma suna gaishe ki ƙwarai. Allah ya saka miki da alheri.

Ɗalibarki har kullum,
Shiru-shiru