Littafi na Biyar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai aiki.

Yaya, an rufe kakar wasa, kuma na san halinka. Wata biyu ba fili, ba golan da za ka horar, sai ka zauna a falo kana neman wanda za ka yi wa faɗa a kan rimot. Shi ya sa na ba direba wannan kwalin. Edita ne ya ce in fitar da littattafai biyar marasa nauyi a shafina na wasanni, irin waɗanda 'yan kallon ƙwallo za su rage zaman banza da su a lokacin hutu. Na ce kai ma kada a bar ka a baya.

Na farko wani tsohon alƙalin wasa ne ya tattara zagin da ya sha a shekara talatin, har da matar da ta bi shi da tsintsiya zuwa bakin mota. Na biyu na direban motar 'yan wasa ne, mutumin ya iya ƙarya mai daɗi. Na uku tambayoyi ne da amsa, ka gwada surukinka da su tunda yana ji da kansa. Na huɗu hotunan gololi ne zalla, don kada ka ce na gajiyar maka da ido.

Na biyar na Kyaftin ɗinku ne na da. Ya ƙare a shago, kuma ba ka yi asarar komai ba. Surutunsa ne da ka sani, an dai sa masa bango.

A gaida kowa. Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Kwali ya iso, na gode.

Littafin Kyaftin bai ƙare ba. Babbar 'yarka, wato 'yar farina, ta ga shafinka, ta ƙirga biyar, ta duba kwali ta ga huɗu. Ka san ta da naci. Ta shiga shagon da ke kusa da kemis ɗin da take aiki, ta tarar da shi tuli guda a bakin ƙofa, ta sayo mini.

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a falo, tana karanta mana. Akwai mijinta, da uwarta, da maƙwabcina tela. Mun yi dariya ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Har muka kai babi na bakwai, wanda aka ce a ciki sun yi shekara tara da gola mai ido ɗaya ba su sani ba. An faɗi yadda na haddace haruffan allon gwajin ido kafin likitan ƙungiya ya duba ni, an ce wai na karanto layin ƙarshe tun likita bai nuna ba. Yarinyar nan ta tsaya a tsakiyar jimla. Mijinta ya ƙura wa darduma ido. Tela ya ce ya manta dutsen guga a kunne, ya fita.

Matata ta tambaye ni ko gaskiya ne. Shekara ashirin da shida muna tare, ita tsammaninta bayan na daina wasa idon hagun ya mutu.

Mutum uku suka san wannan zance: ni, da kai, da Inna. Inna ta tafi da shi kabari. Ni ban taɓa faɗa wa Kyaftin ba. A shafinka ka rubuta cewa duk wanda ya karanta babi na bakwai bai yi dariya ba, ya dawo ka biya shi. Ni ban yi ba.

Ina jiran amsarka.

Yayanka

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma wallahi ban ji daɗi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba. Ni na rubuta wa Kyaftin littafin. Ka san shi, ko katin gayyata bai iya haɗawa ba. Shi yake magana, ni nake gyarawa. Da muka gama, masu buga littafin suka ce duk labaran an riga an ji su a rediyo, suna son wani abu sabo. Muna zaune a ofis, hira ta yi daɗi, zancen ya suɓuce mini. Kyaftin ya yi dariya har da hawaye, ya ce dole a sa. Daga nan abin ya fi ƙarfina.

Amma Yaya, ka duba ta wani gefen. Shekara ashirin ke nan ana cewa sayar da wasan ƙarshe ka yi. Yanzu kowa ya san ido ne. A ofis ɗinmu ma cewa ake yi, mai ido ɗaya ya tare wannan, ina ga yana da biyu. Yabo ne, ba zagi ba. Abin da ya wuce ya wuce, kuma littafin hutu ne, nan da wata biyu an manta da shi.

Ka ba Anti haƙuri a madadina. Ka yafe wa ƙaninka.

Auta

*

Auta,

Na samu taka. Yabon ya iso har ƙofar gida. Jiya sakataren ƙungiya ya kawo mini takarda, kwamiti na son ganina ranar Alhamis. Suna so su ji yadda mutumin da ya yaudari likitansu yake horar musu da gololi, suna kuma so su san wanda ya taimake shi. Aikin nan shi ne abin da ya rage mini na ƙwallo, ka fi kowa sani.

Ban yi fushi don ka faɗa ba kamar yadda na yi don abin da ka bari. Na sa 'yarka ta sake karanta mini babin daga farko zuwa ƙarshe, ko zan ji ka a ciki. Babu kai.

Bari in tuna maka, tunda alƙalaminka ya manta. Kai ka kwafo haruffan allon nan a bayan littafinka na makaranta, ka yi ta bita da ni a ɗakin Inna. Da ka samu aikin jarida, kai kake zama bayan ragata da katin 'yan jarida a wuya. Duk ƙwallon da ta taso daga hagu, sai ka doki allon talla na kwano da diddigen takalminka sau biyu, ni kuma in juya. Shekara tara muna haka, ba wanda ya gane.

Ranar wasan ƙarshe canjaras kawai muke nema mu ɗauki kofi. Saura minti biyar ka tashi, ka tafi bakin ɗakin 'yan wasa don ka riga sauran 'yan jarida yin hira da Kyaftin. Aka kwaso ƙwallo daga hagu. Ni ina jiran ƙarar kwano, sai ihun mutane na ji, ta shiga raga.

An jefi gidana da duwatsu. An kira 'yarka 'yar mai sayar da wasa a makaranta. Ban taɓa buɗe baki ba, don kada ka rasa aikinka, kuma Inna ta ce in riƙe ka. Ka zo daren nan kana kuka, na ce maka ya wuce. Ashe ni kaɗai na binne shi, kai ajiye shi ka yi sai ranar da zai yi kasuwa.

Ka ce suɓutar baki ce. Bakin da ya suɓuce ba ya zaɓar rabin da zai faɗa.

Yayanka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Duk abin da ka faɗa haka yake, kuma kwana biyu ke nan ban iya cin abinci ba.

Na kira wayarka ba ka ɗauka, na kira Anti ta ce kana hutawa. Yaya, don Allah me za ka ce wa kwamiti? Edita ba ya wasa da irin wannan. In ya ji da hannuna a maganar likitan nan, shafina ya tafi, kuma ka san yara suna makaranta. Ka bari in zo mu zauna kafin Alhamis.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ba sai ka zo ba, an gama.

Na je gaban kwamiti. Sun tambaye ni sau uku wa ya taimake ni, na ce ba kowa, ni kaɗai na yi. Sun gode mini da shekarun da na yi musu, sun karɓi makullin ɗakin kaya. Shafinka yana nan, ka ci abinci.

A wasiƙarka na nemi inda ka tambayi nawa aikin, ban gani ba.

Direba zai kawo maka littattafanka huɗu. Na biyar na riƙe, tunda 'yata ce ta saya. Yanzu hutuna ba shi da ranar ƙarewa, in ka fitar da wasu biyar ɗin kada ka aiko.

Wannan ce ta ƙarshe da zan tare maka. Ka gaida yara.

Yayanka