Koren Mayafi da Katin Bas

New Bell, Duwala
9 ga Yuni, 1994

Baban Mariam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya Libarbil, yaya baƙunta da neman aiki a ƙasar Gabon? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu shanya. Inno, mahaifiyarka, tana sa maka albarka, Mariam kuma ta fara tafiya tana kama bango.

Wasiƙarka ta iso ta hannun Ɓoɓɓo direba. A tsaye na fara karanta ta, a zaune na ƙarasa. Wai Ɓoɓɓon ya ce maka an gan ni ranar Alhamis a unguwar Bonamoussadi, da koren mayafina, ina shiga gidan wani babban mutum ta ƙofar baya. Ni? Haba Baban Mariam! Ka dai san matar da ka bari.

Bari in faɗa maka abin da ba ka sani ba. Tun da aka zabge mana albashi a kantin maganin da nake aiki, kati ɗaya muke hawa bas da shi, katin biyan wata wanda ke ɗauke da hotona. A hoton da koren mayafin nake. Masu duba kati kuwa ba sa kallon fuska, a wurinsu duk Bahausa mai lulluɓi ɗaya ce. Saboda haka kati da mayafi tare suke fita. In na dawo, ƙanwarka Fauziya ta yafa ta tafi wurin koyon ɗinki. Wata rana Rakiya maƙwabciyarmu ta ara ta kai gyaɗarta bakin tashar jirgin ruwa. Duk wadda ta yafa shi ta zama Bara'atu. In an gama a miƙa wa Inno ta sa a kwallarta.

Ranar Alhamis ba na zuwa aiki. Wata ce ta ɗauki sunana ta kai shi gidan can, kuma wallahi sai na gano ta.

Ka gaishe da mutanen masaukinka.

Taka,
Bara'atu

New Bell
2 ga Yuli, 1994

Baban Mariam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikinka, zazzaɓin ya sake ka? Allah ya ƙara sauƙi. Kowa lafiya a nan, in ban da ni da barci ya ƙaurace wa.

Na ga saƙonka. Ka ce in ba ka sunan matar kafin wata ya mutu, ko kuwa takardar sakina ta biyo Ɓoɓɓo. To, na ji. Ban taɓa zaton bakin direba zai fi nawa nauyi a wurinka ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Fauziya na fara zargi, don kwanan nan ta cika duba madubi. Na tsare ta a bayan ɗaki, ta fashe da kuka, ta rantse ranar Alhamis a ƙasa take tafiya. Tun ranar ba ta ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Sai na koma kan Rakiya. Kai, na sha baƙar magana! Ta ce in riƙe katina da tsummana, ƙafarta ba ta karye ba. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi, matar da ta kwana a kaina ranar haihuwar Mariam.

Na tambayi Inno wa take ba wa kati ranar Alhamis, ta ce ita tsufa ya sa ba ta riƙe kwanaki. Da ma safiyar Alhamis gidanmu nake kai Mariam, ba na ganin mai fita.

Abu ɗaya na lura da shi. Ranar Juma'a mayafin yana warin jabel, ruwan nan na wanke farin kaya. Rakiya warin gyaɗa take bari a jikinsa, Fauziya turare. Wannan warin ban san mai shi ba. Na zama mai shinshina tufafi a gidana kamar kyanwa, duk saboda kai.

Ka ƙara mini haƙuri kaɗan.

Matarka,
Bara'atu

New Bell
16 ga Yuli, 1994

Baban Mariam,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mariam tana kiran sunanka in ta ga hotonka.

Ka nemi suna, na samo maka.

Shekaranjiya Alhamis na bar Mariam a gidanmu, na dawo na laɓe a rumfar mai gasa masara kusa da inda bas ke tsayawa. Can sai ga koren mayafi ya fito daga lungunmu, an ja shi har kan hanci. Ta hau bas, ni ma na shiga ta baya na biya kuɗin tikiti, na bi ta har Bonamoussadi. Gaskiyar Ɓoɓɓo, ta ƙofar baya ta shiga gidan. Zuciyata tana tafasa na tura ƙofar, na riga na shirya abin da zan faɗa mata.

A tsakar gidan na same ta a durƙushe gaban baho, ta rataye mayafin a igiya, hannunta cikin ruwan jabel har gwiwar hannu, tana cuɗa zannuwan gadon mutane. Inno ce.

Inno da ke ce mana gwiwa ba ta barinta taka matakalar bas. Ashe shinkafar da take cewa ƙaninta ne ya aiko daga Garwa, daga wannan bahon take fitowa. Ashe tsagewar da hannunta ya yi ba sanyin damina ba ne. Tun da kuɗin da kake aikowa ya yanke ta fara, kuma ta yafa mayafina ne don kada mutanen New Bell su ce mahaifiyarka tana wankau. Ba ta san abin da aka kai maka ba, don kunya ta hana ni karanta mata wasiƙunka. Na naɗe hannun riga muka ƙarasa wankin tare, babu mai kallon wata.

A hanyar dawowa ita ta riƙe katin. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Ban yi mata alkawari ba, don aurena ne a kai.

Jiya na shiga gidan Rakiya na ba ta haƙuri, ta amsa da ƙyar. Fauziya har yanzu ba ta kallona.

To, ga matar da aka gani tana shiga gidan babban mutum. In har yanzu takardar tana nan, ka aiko Ɓoɓɓo da ita. Sai dai ka tuna Inno ba ta karatu, duk wasiƙar da ta shigo gidan nan ni take miƙo wa. Wannan karon zan karanta mata, ba zan tsallake ko kalma ɗaya ba.

Ka huta lafiya.

Bara'atu