Yaren da Ya Rage wa Inna

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya ƙafar? Na rubuto ne maimakon in kira, don na san idan na ji muryarka kuka zai hana ni magana.

Kawu, Hausar Inna ta tafi. Likita ya ce tsufa ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da mutum ya koya da girmansa shi yake fara zubewa. Yanzu ba ta magana sai da yarenku na gida, wanda ba ta koya wa ko ɗayanmu ba. Ina kan keken ɗinki, tana kujerarta ta bakin taga, sai ta yi ta yi mini bayani, ni kuwa in yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Shekaranjiya ta daɗe tana nanata kalma ɗaya. Na kawo ruwa, na kawo bargo, na kawo magani, ta ture duka ta juya fuskarta bango.

Muna yara, faɗa kawai ake yi mana da yaren nan, sai waƙar da take yi in tana wanke-wanke. Yau shi kaɗai ya rage mata, kai kaɗai kuma ka rage mai jin sa. Na san nisa da ciwo ba za su bar ka ka zo ba. Don Allah ka koya mini ta waya, tun tana da bakin magana.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta, 'yar Yayata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan tana mulkinta. Na karanta saƙonki, na goge tabarau na sake karantawa.

Duk shekarun da na yi ina tuƙin babbar mota ban taɓa riƙe alli ba, sai da furfura za a mayar da ni malami! To, na karɓa. Kullum da yamma ki kira ni ta bidiyo. Abin da Yaya ta faɗa kuma, ki ɗauka a waya ki turo, in saurara in fassara miki.

Ni ma yaren ya yi tsatsa a bakina. Ita ta koya mini shi, ina goye a bayanta, tana hawa da ni benen gidanmu tana kiran sunan duk abin da muka wuce: ƙofa, bokiti, kyanwar maƙwabta. Haka zan yi miki. Ki riƙe wayar ki zaga da ni cikin gida, abin da na gani in faɗa, ki maimaita. Ba na son biro da takarda, a kunne ake zuba shi.

Allah ya ba ta sauƙi, ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Kawu,

Barka da warhaka, ina gaisuwa. Kafin komai, don Allah ka riƙa ɗaga wayar daidai fuskarka. Tunda muka fara karatun nan goshinka da fankar ɗakinka kawai nake gani, alhali kai ka ce in riƙa kallon bakinka.

Amma karatu yana shiga. Na iya "ruwa", na iya "ina ke ciwo", na iya "sannu". Kalmar nan da ta hana mu sakat, da ka ce mataji take nufi, na ɗauko shi na zauna ina taje mata kai. Ta lumshe ido, ta ɗauko waƙar wanke-wanken nan. Wallahi sai na gan ni a tsohon kicin ɗinmu, ina tsaye a kan kujera 'yar tsugunno ina ɗauraye kofuna, Baba yana tsakar gida yana kokawa da rediyonsa. Na yi kewar lokacin nan.

Matsalar ita ce kullum a makare nake. Ta yi magana yau, in turo maka, kai kuma sai sabis ya ga dama, in ba ta amsa gobe bayan ta manta ta tambaya. Duk da haka ina ba ta.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da take yi mini kowace safiya idan na kawo mata shayi. Na sha turo maka ita, kullum sai ka ce saƙon bai buɗe ba. Kawu, sauran duk suna buɗewa.

Ina jiran amsarka.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kin kama ni, kaifin kan Yaya kika ɗauko. Cewa take yi, "'Yar wace ce ke?"

Na so in rage miki zafi ne. Kada ki riƙe ta a zuciya, ni ma jiya da ta gan ni a waya tambayata ta yi ko na ga ƙaninta. Na turo miki amsar da murya: "Ni 'yarki ce, Auta." Ki yi ta maimaitawa a kan kekenki har bakinki ya saba, kada ki yi garaje.

Allah ya dafa miki.
Kawu

*

Kawu,

Ina kwana. Na faɗa mata. Na ajiye shayin, na durƙusa gabanta, ta yi tambayarta, na ba ta amsa ba tare da harshena ya sarƙe ba. Ta yi dariya, irin wadda take yi a da in mun yi shirme. Ta kama fuskata da hannu biyu ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana shafa kumatuna. Na tsinci "'yata" a ciki, na tsinci "zauna". Jikina yana ba ni ta gane ni.

Ga muryar nan na turo. Ka fassara mini duka, kada ka rage ko kalma.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Tunda kin ce duka, ga shi yadda ta faɗa:

"A'a, yarinya. 'Yata ba ta jin yarenmu. Ban koya mata ba, na ji tsoron a yi mata dariya a makaranta. Amma ke bakinki da daɗi, kamar na mutanen gidanmu. Zauna kusa da ni, ki taya ni hira har ta dawo."

Ki yi haƙuri, 'yata. In kina so mu dakata da karatun, ba zan ga laifinki ba.

Kawunki

*

Kawu,

Na gode, na gani. Na yi kukana na wanke fuska, na jawo keken ɗinkin kusa da kujerarta. Ba za mu dakata ba. Yau da yamma ka koya mini yadda ake cewa, "Ba ni labarin 'yar taki."

Sai na kira.
Auta