Tsuntsun Katako da Maganar Aurena

Greenbelt, Maryland

Zuwa ga mai girma Kawu Hashimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da ta dace da matsayinka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, ya kuma yaye maka ciwon gwiwar da Inna ta ce ya hana ka leƙa gona bana. Mu nan kalau muke. Yaya Kamal ya samu ƙarin girma a asibiti, matarsa Kausar kuma watanta ya kama. Ni ma na karɓi digirina na injiniya a College Park, da sakamakon da ba sai na yi wa kaina kirari ba.

Kawu, mas'alar da ta tilasta mini ɗaukar alƙalami ta shafi maganar aurena da Sharifa, 'yar tsohon abokinka Dakta Abdulhamid na Manassas. Domin in nuna masa zurfin tunanina da faɗin wayewata, na gayyace shi da iyalinsa yawon buɗe ido wani ƙaramin gari mai nisa, wanda ba shi da abin tutiya sai wani ƙasaitaccen agogon katako da ya kai tsayin gidan bene. Daga jihohi daban-daban ake tururuwar zuwa ganinsa, domin kowace sa'a wata 'yar ƙofa takan buɗe, tsuntsun katako ya leƙo ya yi kuka. Tun daga gida har muka isa ina yi wa Dakta lacca a kan wannan gagarumar fasaha.

Da saukarmu ya ce mu fara neman inda za mu yi Azahar. Ni kuwa, da bakina ya fi hankalina sauri, na ce a ɗan dakata, tsuntsun ya kusa fitowa, lokacin salla da saura. Ya dube ni. Muka tsaya cikin taron masu ɗaukar hoto, tsuntsun ya fito ya yi kukansa. Abin da bincikena bai hango ba shi ne abin da ya biyo baya. Kiɗa ya tashi, mutum-mutumi mace da namiji suka fito rungume da juna suna rawa, wani mai tumbi a gefensu yana kai kofin giya baki. Hajiya Rahmatu, mahaifiyar Sharifa, ta ja mayafi ta kau da kai. Dakta ya tambaye ni cikin sanyin murya ko wannan ne aka ajiye salla dominsa. Na yi sauri na tafi neman ruwan alwala. Ya shimfiɗa darduma a wurin ajiye motoci, ya ja iyalinsa salla, bai jira na gama alwala ba.

Tun daga ranar ya ɗage zuwan da Yaya Kamal zai yi na neman aure, bai kuma sa wata rana ba. Na je har gida na durƙusa na ba da haƙuri. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini shayi, ya yi mini hirar cunkoson motoci har na tashi. Sharifa ta ce ba za ta tsallake maganar mahaifinta ba, ga shi ita ma bai faɗa mata matsayarsa ba. Magana zarar bunu ce, Kawu, yanzu na fahimci haka a aikace. Ba ni da tsumi ba ni da dabara.

Kai kaɗai ne nake ganin zai ji nauyinka. Don Allah ka kira shi. Kada ka ambaci cancantata, ya riga ya ji ta daga bakina fiye da kima. Ka ce masa kawai ɗanka ne ya yi wauta, kuma ya san ya yi.

A gaishe mini da Inna, da Gwaggo Gaji, da Baba Dabo, da ƙanwata Aliyya. Inna ba ta san da wannan batu ba tukuna, ina roƙon kada ya kai kunnenta sai ka ji ta bakin Dakta.

Ɗanka mai jiran abin da Allah zai yi,
Haidar