Bututun Hagu

Marietta, 3 ga Afrilu, 1998

Yaya Orval,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Wanda. Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Shekara goma sha ɗaya kana sassaƙa ɗan ƙaramin jirgin ruwan nan, kwaikwayon wanda Baba ya tuƙa. Ainihin jirgin, Adeline Pruitt, da injinsa da tukunyar tururinsa, wata tara aka yi ana ƙera shi. Naka da ko tsawon hannu bai kai ba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Jiya a gidan tsofaffi Baba ya kira ni da sunan Mama. Na nuna masa hotonka, ya ce, "Wannan ne mai gyaran famfo?" Likita ta ce abin da mutum ya fi daɗewa da shi, shi ke fita daga kansa a ƙarshe. Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana tuƙa babban jirgin. Ka aiko ƙaramin tun yana iya gane shi, ko da gam ɗin bai bushe ba.

Ƙanwarka da ta gaji,
Loretta

Dubuque, 11 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Loretta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na samu wasiƙarki, na kuma ji faɗan.

Ki sani ba abin wasan yara nake yi ba. Zanen maƙera ya nuna filafilai goma sha shida a tayar baya mai tura jirgin cikin ruwa, a hoton 1952 kuwa goma sha takwas nake ƙirgawa. Ba zan aika wa matuƙin jirgi ƙarya ba. Don Allah ki tambaye shi da safe, lokacin da kansa ya fi washewa.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Orval Tackett

Marietta, 20 ga Afrilu

Yaya,

Gaisuwa. Ni kake sa wa hannu da cikakken suna, sai ka ce wasiƙar lauya?

Ran Lahadi na kai Baba yawo a tsohon jirgin tururin nan da ke ɗibar baƙi. Awa biyu muna tafiya, ruwa na zuba daga tayar baya, wani mai kiɗa ya ishe mu. Baba ya cinye wainar tuffarsa ya haɗa da tawa. Da aka busa usur ya cire hula. Da muka doshi gada kuwa ya sunkuyar da kai, ya damƙe hannuna har ya yi min ciwo.

Na yi masa tambayarka. Ya ce, "Wace taya?" Amsarka ke nan. In jirgin bai zo kafin ƙarshen wata ba, ni zan zo in ɗauke shi, kuma ka san yadda nake tuƙi.

Loretta

Marietta, 6 ga Mayu

Yaya Orval,

Ina gaisuwa. Jirgi ya iso lafiya, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba na so: ya yi kyau. Har ƙararrawar tana kaɗawa.

Na ajiye shi a gaban Baba. Ya dube shi, ya ce, "Madalla. Na waye?" Na fita waje na yi kuka, na dawo na ƙura wa abin ido, sai na gano. Orval, bututun hayaƙin duka biyu a miƙe suke. Ka manta ambaliyar 1959, da Baba ya goga na hagu a gada? A karkace ya zauna har aka yanka jirgin. Daga nan har Cincinnati da shi ake gane Baba tun daga nesa. Mutumin da ya hana mu sakat a kan filafilai biyu, shi ne bai ga bututu guda ba?

Loretta

Dubuque, 10 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Ban manta ba. Ke kina goye a lokacin, ni ina tsaye bayansa a ɗakin tuƙi. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin Baba yana hawaye, kuma shekara da shekaru matuƙan jirage suna yi masa dariya da bututun nan. Maganar filafilai hujja ce kawai. Na kasa yanke shawarar wane jirgi zan ba shi, a ƙarshe na ba shi wanda bai taɓa kunyata shi ba.

Kada ki taɓa bututun.

Orval

Marietta, 14 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa, da haƙuri. Wasiƙarka ta makara da kwana ɗaya. Na riga na ari filaya, na tsaya a gaban jirgin, na kama bututun hagu na lanƙwasa.

Baba ya kalla ya kalla, sai na ga fuskarsa ta ɗaure.

"Wane sakarai ne ya lanƙwasa na dama?"

Na ce, "Baba, na hagu ne."

Ya ce, "Hagunki. Ke ɗiyar matuƙi ce kuwa? A jirgi inda ya dosa ake fuskanta kafin a ce hagu. Kuma ba haka ya kwanta ba, baya ya yi, ba gefe ba. Na shiga ƙarƙashin gadar da ratar inci huɗu kacal, da wani ne da ya rasa duka biyun. Loretta, kira min Orval. Yana wurin, shi ya gani."

Sunana ya faɗa, Yaya, da naka. Wata biyar rabon da in ji. Tun jiya yake tambaya ko ka iso, ban san kwana nawa kansa zai ɗauka a washe haka ba.

Taka,
Loretta

Dubuque, 17 ga Mayu

Loretta,

Ina gaisuwa. Ina tafe ran Laraba da kayan aiki. Ki ce wa Baba shi zai riƙe jirgin, ni in lanƙwasa, har sai ya ce ya isa. Ke kuma ki mayar wa mutane filayarsu.

Yayanki