An Yi Mana Allurar Mura a Jajibirin Kasuwa

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da shirin rigakafin mura a yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yallaɓai, ni ne shugaban 'yan dako a tashar bakin iyaka, nan Jibiya. Na fi shekara talatin ina ɗora buhu a mota ina saukewa. Sau uku ina zuwa ofishinka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Gaskiya na gaji.

Na farko. Bara ma'aikatanka suka same ni, suka ce in tara musu mutanena. Ɗan dako bai ɗauki mura ciwo ba. A wurinsa citta da kanumfari sun isa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa wannan ba murar atishawa ba ce, mai kayar da ƙato ce. Na ba su tabbacin ba abin da za su ji, domin haka aka gaya mini. Ni na fara naɗe hannun riga.

Ranar Asabar ce, jajibirin kasuwa. Aka yi mana a damtse, yawancinmu a na dama, ba wanda ya tambayi irin aikinmu. Washegari motocin hatsi suka yi layi, mu kuwa damtse ya yi tsami, wasu da ɗan zazzaɓi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle buhun masara. Fatake ba sa jiran kowa, suka kira wasu. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini wannan tsamin ba komai ba ne, kwana biyu ya wuce. Ta yi gaskiya, ya wuce. Amma Lahadin ma ta wuce, kuma ita ke ciyar da mu har mako ya zagayo.

Na biyu. Bana kun dawo, ranar Asabar kuma. Ba ɗan dakon da ya fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Sai na ji an faɗa a taro cewa masu kaki da malaman asibiti sun ba da haɗin kai, mu kuwa jahilci ya hana mu. Wannan kalma ta yi mini ciwo. Mai kaki yana zaune a inuwa, in damtsensa ya yi tsami biro kaɗai zai ɗaga. Direbobi sun ƙi ne don an ce musu tana sa kasala, ga tafiyar Maraɗi a gabansu, kuma ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Mata masu tuwo da koko, waɗanda kowa ke tari a kansu tun safe, su ne suka fi son allurar, amma aka ce ba su da ƙungiya, ba sunansu a takarda.

Na uku. Akwai Malam Illu, mutumin Bugaje, abokin dakona tun muna samari, mai fama da ciwon ƙirji. Shi ya fi kowa bukatar allurar. Na je har gida na roƙe shi, ya ce maganata ya bi bara, 'ya'yansa suka yi kwana biyu suna shan koko ba sukari. Haka na dawo, bai je an yi masa ba. Da sanyi ya shigo murar ta kama shi, yau mako uku ke nan yana kwance, numfashinsa da kyar. Ina zuwa duba shi, amma ba na iya haɗa ido da matarsa.

Ga roƙona. Ku zo mana ranar Litinin ko Talata, bayan kasuwa ta watse. Ku tambayi mutum hannun da ya fi aiki da shi. Ku faɗi gaskiya tun farko cewa za a ji tsami kwana biyu, mu ba yara ba ne. Ku rubuta matan nan ko ba ƙungiya. Kalmar jahilci kuma a janye ta a inda aka faɗe ta.

Mutanena sau ɗaya kawai za su ƙara saurara mini a kan wannan magana, shi ma don furfurata. Ba zan buɗe baki ba sai na san ranar da za ku zo. Idan Asabar ce, ku nemi wani ya tara muku su.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da iyalinka daga ciwo, ya ba Illu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Lawal Maidako, Jibiya.