Ramin wayar ɗakin firigo

Tanut, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan zafin Tamanrasat bai taɓa lafiyarka ba, Allah ya tsare ka a wurin nema. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafar har tana fita barka, 'yar'uwarmu Hassana ta haihu a Ollelewa, mace, kuma gero ya yi kyau bana.

Yaya, da ƙyar na iya ɗaukar biro. Ka tuna ka ce a ja wuta daga babban akwatin da ke zaure zuwa ɗakin bayan gida, a kafa masa ƙaramin akwati nasa, domin matarka Radiya ta sa firigo ta riƙa sayar da ƙanƙara. Na kira Toma mai gyaran wuta. Ya ce wayar mai kauri ce, a cikin tiyo za a zura ta a binne, rami ya kai gwiwa, kuma ko ta gindin katanga ko ta tsakar gida duk ɗaya ne a wurinsa. Ka san ni da son a gama yau-yau. Na ɗauki sanda na ja layi miƙe, ya bi ta bayan ɗakin Radiya, ta gindin lallen nan da take ba ruwa.

Ta fito ta ce don Allah a kewaya. Na tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai, ta sake cewa a kewaya kawai. Inna kuwa tana Ollelewa wurin jego. Ni da bakina, a gaban baƙo, na yi dariya na ce lalle ne ba dabino ba, zan sayo mata wani ranar kasuwa. Ta koma ɗaki ta saki labule, ni kuma na karɓi diga da kaina.

Ban kai gwiwa ba na ga itatuwa jere, ga ɗan ƙyalle fari da ƙasa ta ci. Toma ya riƙe mini hannu, ya cire hularsa. Nan na gane kabari ne, na fashe da kuka. Da Inna ta dawo ta faɗa mini Idi ne, ɗanku na fari, wanda ya rasu bai yi arba'in ba ina makaranta a Damagaram. Na san an yi shi, na san ya koma, amma ban taɓa tambayar inda aka sa shi ba. Ta yaya Radiya za ta faɗa mini? Ɗan fari ne, ga sunan Baba a kansa, bakinta ba zai iya ba. Ni da aka haifa a gidan nan ya kamata in gane, amma na tsaya ina yi mata ba'a.

Diga bai taɓa shi ba, wallahi. Liman ya zo aka mayar da ƙasa aka yi addu'a. Waya ta bi gindin katanga, wuta ta kama, firigo na aiki. Amma ni na kasa haɗa ido da Radiya, a zaure nake cin tuwo kamar baƙo. Tsorona kada ka ji a bakin wani, ka ce ƙanenka ya tone maka ɗa saboda gaggawa. Haka ɗin ne kuwa, ka yafe mini.

Jiya Radiya ta tsaya bayan ƙofa ta ce ta yafe. Ta ce ta ji kukana a bakin ramin, kuma tun da yaron ya tafi ba wanda ya yi kukansa a gabanta, kowa haƙuri yake ba ta. Ta roƙe ni abu ɗaya: idan za ka ba da amsa, ka ambace shi da sunansa, in karanta mata a bayyane, tana so ta ji.

Inna da Hassana suna gaishe ka. Ka gai da Kawu Zakari da mutanen Belbeji da kuke ɗaki ɗaya.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Mansur